Kalmar da ɗalibaina suke gogewa

Ina da wata ɗaliba, ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, muna karatu ta intanet duk ranar Talata da dare bayan ta tashi daga aiki. Ta doshi shekara hamsin. Abin da ya kawo ta koyon Sifaniyanci shi ne ɗanta ya auri 'yar Sifaniya, ita kuma ta gaji da zama a gidan surukai tana murmushi kawai, babu bakin magana. Rannan na ce ta rubuta mini "ban ga komai ba". Allo ɗaya muke rubutu a kai, saboda haka ina ganin kowane harafi a lokacin da take buga shi. Ta rubuta *No vi nada*. Daidai ne, babu abin gyara. Sai na ga 'yar sandar rubutun ta tsaya tana ƙiftawa, can ta koma baya a hankali, ta goge *No*. Saura *Vi nada*. Ta ɗago kai ta dube ni ta kyamara, ta ce, "*Profe*, yanzu ya fi, ko?" *Profe* shi ne malam a taƙaice, haka ɗalibai ke cewa.

Na ce mata na farkon ne daidai. Ta ce wallahi ta sani, ta karanta a littafi ba sau ɗaya ba, amma hannunta ne ya ƙi. Tun tana ƙaramar yarinya ake ja mata jan biro idan ta haɗa korewa biyu a jimla ɗaya, ana ce mata maganar marasa ilimi ce. Yau kuma ga wani yana ce mata abin da aka hana ta shekara arba'in shi ne ƙa'ida.

Na daɗe ina koyar da masu jin Turanci wannan harshe, kuma na tabbata babin korewa ba wuya gare shi ba. Abin da ke hana su ci gaba tsoro ne da suka taho da shi daga ajin firamare. An koya musu cewa korewa lissafi ce, idan ka kore abu sau biyu ka tabbatar da shi. Wanda aka fi dangantawa da wannan magana shi ne Robert Lowth, malamin coci da ya zama Bishop na Landan daga baya, mai littafin nahawun Turanci da ya fara fitowa a 1762. Ba shi ya ƙirƙiro ɗabi'ar ba, domin kafin zamaninsa masu rubutu sun riga sun fara gudun tara korewa, amma littattafai irin nasa ne suka mayar da ita doka. Kafin nan Turanci kansa yana jera korewa yadda ya ga dama. Chaucer, mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, yakan jera uku ko huɗu a jimla guda, kuma har gobe akwai miliyoyin masu Turanci a Amurka da Ingila da haka suke magana a gida. Ɗalibata ma ta ce haka kakarta take yi. Ke nan kunnenta ya san abin, makaranta ce ta sa ta jin kunyarsa.

Ni ma ta littattafan Turanci na shiga Sifaniyanci, don haka na ɗauki tsoron da ba nawa ba. Malamar da ta cire mini shi wata dattijuwa ce 'yar Kolombiya. Ta ga ina ta kewaye-kewaye don kada in ce *no* da *nada* tare, sai ta ce in faɗa mata jimlar da harshen da aka haife ni da shi. Na ce, "Ban ga komai ba." Ta ce in sake, a hankali. Na sake. Ta ce, "Na ji *ba* a farko, na ji *ba* a ƙarshe. Ta biyun ta rushe ta farkon?" Na ce a'a, Malama. Ta ce, "To me kake tsoro?"

Daga ranar ban ƙara gudun abin ba. Sai dai daga baya na lura kamannin bai kai yadda na zata ba, kuma a wurin da suka bambanta ne daɗin maganar yake. *Ba* biyun Hausa korewa ɗaya ce da aka raba gida biyu, ta kama jimla ta gaba da baya, kamar *ne* da *pas* a Faransanci. *Komai* da *kowa* kuwa ba kalmomin korewa ba ne a karan kansu. Idan na ce "kowa ya zo", ai gida ya cika ke nan. Amma *Nadie vino* nufinsa ba wanda ya zo. *Nadie* da *nada* suna ɗauke da korewar a jikinsu, ko su kaɗai aka faɗa. Ka tambayi mutum *¿Quién vino?*, wa ya zo, ya ce *Nadie*, magana ta ƙare. Mu sai mun ce "ba kowa". Bahaushe ya kiyaye wannan, kada ya ɗauki *nadie* a matsayin *kowa* a ko'ina.

Abin da ya fi burge ni shi ne, da can *nada* kamar *komai* ɗinmu take. Asalinta daga Latin ne, *res nata*, wato "abin da aka haifa", duk wani abu da ya zo duniya. *Nadie* kuma daga *nati*, "waɗanda aka haifa". Mutanen da can suna cewa kamar "ban ga abin da aka haifa ba", "ban ga ɗan da aka haifa ba", irin yadda muke cewa ban ga ko mahaluƙi ba. Saboda yawan zama kusa da *no*, kalmomin suka ɗauki ƙamshinta, har suka zama su ma korewa ce. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Haka *jamás*, wadda yau take nufin har abada ba za a yi ba, daga *iam magis* ta fito, "yanzu kuma, ƙari". Faransanci ya bi wannan hanyar: *rien* daga kalmar "abu" take, *personne* kuwa har yau tana nufin mutum, tana kuma nufin ba kowa. Masanin harshe ɗan Denmak Otto Jespersen ya yi bayanin irin wannan juyi a littafinsa na 1917 kan korewa. Su *nunca* da *ninguno* ne aka haifa da korewarsu tun daga Latin, *numquam* da *nec unus*, "ko ɗaya babu".

Ina ba ɗalibaina wannan tarihi domin yana kwantar musu da hankali. Da na gaya wa ma'aikaciyar jinyar nan cewa *No vi nada* asalinsa "ban ga abin da aka haifa ba" ne, sai ta yi shiru, ta ce, "Ashe korewa ɗaya ce tun farko." Ta mayar da *No* ɗin da kanta.

Ƙa'idar kanta gajeriya ce, kuma ta wuri ce: dole a samu kalmar korewa kafin aikatau. Idan *nadie* ko *nunca* ko *nada* ta riga ta tsaya a gaba, ta wadatar, ba a ƙara *no*. Idan ta koma bayan aikatau, to *no* ta zo ta tsare gaban. *Nadie vino* da *No vino nadie* duk ɗaya ne. *Nunca como carne* da *No como carne nunca*, ba na cin nama ko kaɗan, duk ɗaya ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne *Vino nadie*, inda aka bar ƙofa a buɗe, da kuma *Nadie no vino* idan ana nufin ba wanda ya zo. Da zarar an tsare gaban, duk abin da ya biyo baya sai ya sa rigar korewa, ko nawa ne. *No le digo nunca nada a nadie*: ba na taɓa gaya wa kowa komai. Huɗu ke nan a jere, kuma wannan jimla ce da farfesa zai faɗa a gaban taro ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Idan ka saka *algo*, wani abu, ko *alguien*, wani mutum, a tsakiyarta don gudun maimaici, a nan ne kunnen mai harshen zai ji tuntuɓe.

Wani ɗalibi, injiniya, ya taɓa tambayata ko ke nan Sifaniyanci ba shi da hanyar kore korewa. Yana da ita sarai. *No es imposible*, ba abin da ba zai yiwu ba ne. *No puedo no ir*, ba zan iya ƙin zuwa ba. A nan korewa biyu ce ta gaskiya, kowace da abin da take korewa. Su *nada* da *nadie* bayan *no* kuwa amsa amo kawai suke yi.

Akwai kuma ɗan abin da masu Turanci ke yawan yi da *nunca*. A harshensu takwararta *never* tana shiga tsakanin aikatau biyu, sai su ce *He nunca ido*. Sifaniyanci ba ya barin komai ya shiga tsakanin *he* da *ido*. *Nunca he ido* ko *No he ido nunca*, ban taɓa zuwa ba. Tsakanin *no* da aikatau ma ƙananan wakilan suna kaɗai ke samun wuri: *No lo vi*, *No se lo dije*.

Inda na fi ɗaukar lokaci da su shi ne kalmar nan tasu ta Turanci, *any*. Ƙaramar kalma ce, amma aiki huɗu take yi musu ba su sani ba, kuma Sifaniyanci ya raba ayyukan. Littafin da na fara karatu da shi ya jera kalmomin layi biyu, masu tabbatarwa a hagu, masu korewa a dama, *algo* da *nada*, *alguien* da *nadie*, *alguno* da *ninguno*, ya ce a haddace. Na haddace, amma jadawalin bai gaya mini abin da zan yi da *any* ba, kuma har yau ina ganin wannan babban giɓi ne a irin waɗannan littattafai. A tambaya, *alguno* ce: *¿Tienen alguna pregunta?*, akwai mai wata tambaya? A korewa, *ninguno*: *No tengo ninguna pregunta*. Idan ana nufin ko wanne ka ga dama, *cualquiera* ce: *Toma cualquier libro*, ɗauki ko wane littafi. Na huɗun shi ne ba a sa komai: *No tengo dinero*, ba ni da kuɗi, *¿Hay agua?*, akwai ruwa? Wannan na huɗun ya fi ba su wahala, domin barin wuri a sake ya fi cika shi wuya. Sai ka ji sun ce *No tengo cualquier dinero*, wanda ba magana ba ce.

A nan Hausa tana taimakona ƙwarai, ko da ba zan iya amfani da ita a gabansu ba. Muna da "wani" da "wata" don *algún* da *alguna*, muna da "ko ɗaya" don *ninguno*, muna da "ko wane" don *cualquier*. Duk Bahaushen da ke koyon Sifaniyanci ta littafin Turanci, shawarata gare shi ita ce idan ya iso wannan babi ya fassara jimlar zuwa Hausa tukuna, zai ga hanya ta fi miƙewa.

*Ninguno* kusan kullum tilo ce. Mai Turanci zai so ya ce ba shi da "littattafai", sai ya ƙera *ningunos libros*. Mai harshen zai ce *ningún libro*, ko littafi ɗaya babu, domin idan ɗaya ma babu me ya kawo maganar jam'i? Jam'in yana fitowa ne a wurare kaɗan, kamar *No tengo ningunas ganas*, ba ni da sha'awa ko kaɗan, saboda *ganas* a jam'i ake faɗinta. Kafin sunan namiji tilo kuma *alguno* da *ninguno* suna yar da wasalin ƙarshe su ɗauki alamar ƙarfin murya: *algún día*, wata rana, *ningún problema*. Na kawo *problema* da gangan, domin ƙarshenta *a* ne amma namiji ce.

Sai 'yar *a* ɗin nan da ake sa wa mutum idan shi aikin ya faɗa wa. *Nadie* da *alguien* mutane ne a idon nahawu, ko da babu kowa a wurin. *No vi a nadie*. *¿Conoces a alguien aquí?* Amma bayan *hay* ba a sa ta: *No hay nadie*.

Yanzu ga wuraren da nake ganin harshen ya fi nuna halinsa. Kalmomin korewa suna fitowa a inda mai Turanci bai ga korewa ba sam. *Sin decir nada*, ba tare da ya ce komai ba, domin *sin* ita ma korewa ce, ta tsare gaban. *Sabe más que nadie*, ya fi kowa sani. *Mejor que nunca*, ya fi kowane lokaci kyau. *Antes que nada*, kafin komai. Duba yadda fassarar Hausa take dawo da *kowa* da *komai* a nan, kamar tsohuwar ma'anar "abin da aka haifa" ce take leƙowa. Sannan akwai akasin haka: *alguno*, wadda ke layin masu tabbatarwa, idan ta koma bayan suna sai ta zama korewa mai ƙarfi. *Sin duda alguna*, babu ko tantama. *No tengo interés alguno*, ba ni da ko ɗigon sha'awa. Har ma akwai maganganun da babu kalmar korewa ko ɗaya a cikinsu amma korewa suke yi. *En mi vida he visto tal cosa*, kalma da kalma "a rayuwata na ga irin wannan", amma nufinsa tunda nake ban taɓa gani ba. Hanyar da *nada* ta bi shekaru aru-aru da suka wuce, ita ce *en mi vida* take bi a gaban idonmu.

A irin wannan ne ɗalibar tawa ta sha zafi, zafi na gaske. Ta je ziyara Sifaniya a tsakiyar lokacin zafi, tana zaune a falo da mahaifiyar matar ɗanta. Sifaniyanci yana da suna na musamman ga wannan dangantaka, *consuegra*, kuma ta yi murna da ta koye shi. Ɗakin a rufe, gumi na keto mata. Ta tattara ƙarfin hali ta haɗa jimla: *¿Le molesta si abro la ventana?*, zai dame ki idan na buɗe taga? Matar ta ce, *En absoluto*. Kunnenta na Turanci ya ji *absolutely*, kalmar da a wurinsu take nufin "ƙwarai kuwa". Ta ce *perdón*, ta koma ta zauna, ta naɗe hannu. Matar kuma tana ta kallonta tana jiran ta tashi ta buɗe. Sai da matar ɗan ta shigo ta warware musu: *en absoluto* nufinsa ko kaɗan, sam ba zai dame ni ba. Da take ba ni labarin ta ce abin da ya fi damunta ba zafin ba ne, tunanin da ta yi minti goma tana yi cewa matar ba ta son ta. Wannan ya tsaya mini a rai, domin irin wannan kuskure ba a jarrabawa yake tsayawa ba, tsakanin mutane yake shiga. Tun daga lokacin nake koyar da *en absoluto* da 'yan uwanta na korewa *para nada* da *ni hablar* a makon farko na wannan babi, ba na jira sai ɗalibi ya yi nisa.

*Tampoco* ma tana cikin waɗanda ke shiga tsakanin mutane. Wani ya ce *No fumo*, ba na shan taba, kai ma ba ka sha, amsar ita ce *Yo tampoco*. Idan ka ce *Yo también* za a tsaya ana kallonka. Hausa ba ta raba su, "ni ma" muke cewa a duka biyun, don haka a nan masu Turanci sun fi mu shiri, tunda suna da kalma daban ta korewa. Kuma idan jimlar ta *gustar* ce, *No me gusta*, ba na so, to amsar *A mí tampoco* ce. Asalin kalmar a fili yake, *tan* da *poco*, "kaɗan haka". *Ni* kuwa mai sauƙi ce: *No tengo ni tiempo ni dinero*, ba lokaci ba kuɗi, *ni siquiera me miró*, ko kallona bai yi ba. *Sino* tana zuwa idan za ka ture abu ka maye gurbinsa da wani, *No es rojo, sino azul*, ba ja ba ne, shuɗi ne, inda *pero* ba za ta zauna ba.

Abu na ƙarshe da nake kai su gare shi, kuma sai sun ɗan yi ƙwari, shi ne yadda waɗannan kalmomi ke taɓa aikatau ɗin da ke biye. Idan mutumin da kake magana a kansa yana nan, ka san shi, aikatau yana zuwa a sigarsa ta yau da kullum: *Conozco a alguien que habla ruso*, na san wani mai jin Rashanci. Idan nemansa kake yi, ba ka san ko akwai shi ba, sigar ta canza zuwa wadda suke kira *subjuntivo*, ta fata da shakka: *Busco a alguien que hable ruso*. Idan babu shi gaba ɗaya, nan ma haka: *No hay nadie que hable ruso*. Harafi ɗaya ne tsakanin *habla* da *hable*, amma shi ke gaya wa mai sauraro ko mutumin yana duniya ko a zuciyarka kawai yake. Ina ganin babu ƙofar shiga *subjuntivo* da ta fi wannan sauƙi, domin ɗalibi yana ganin dalilin da idonsa.

Makon jiya ɗalibar ta dawo daga wata ziyarar. Ta ce matar ta dafa mata abinci, ta yi godiya, aka ce mata *De nada*, sai ta tuna da maganar abin da aka haifa. Na ce mata mu ma idan aka ce "na gode", "ba komai" muke cewa. Ta nemi in rubuta mata, na rubuta a allon, ta karanta da ƙyar. Sannan na ba ta jimlar gwaji: ba wanda ya taɓa gaya mini komai. Ta buga *Nadie me ha dicho nunca nada*. Na zuba ido a kan 'yar sandar rubutun. Ta tsaya a ƙarshen layin tana ƙiftawa, sai ta sa aya.